Shanya a Bayan Rumbu

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a tsakiyar daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ta Katsina, ina kwance rub da ciki a kan tabarma a ɗakin kakata Iya, a gidanmu da ke cikin garin Daura. Shekarata tara a lokacin. Iya ta yaye mini riga tana duba wasu ƙuraje da suka fito mini a gadon baya, jajaye masu tauri kamar maruru, kowanne da ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsa. Na daɗe ina gaya wa mutanen gida cewa ina jin abu yana motsi a ciki, ana ce mini in daina shirme, maruru ne yake nuna. Iya ta sa manyan yatsunta biyu ta matsa wanda ya fi girma, na ƙwalla ƙara, sai na ji ta ja da baya da sauri har ta ture kwanon sha. Da na juyo, sai ga wata farar tsutsa gajera mai ƙiba a kan tabarma, tana lanƙwashewa tana miƙewa, ita ko a jikinta. Iya ta daɗe tana kallonta tana salati ƙasa-ƙasa, sannan ta ce, "Tsutsa a jikin mai rai? Wannan da sa hannu." Daga ranar ban ƙara taka tsakar gida ba sai in zan zaga bayi, shi ma sai an raka ni.

Gidanmu gidan manoma ne da fatake. Kakanmu, wanda kowa yake kira Malam, shi ne mai gida, kuma a zaure yake wuni kan buzunsa in ba ya gona. Babanmu da ƙaninsa Baffa Ilu shanu suke kaiwa Kudu, in suka tafi sai an gan su, kuma a wannan daminar suna can, ba waya ba saƙo. Cikin gida akwai Iya, da mahaifiyata Umma, da ni da ƙannena, sai Anti Sa'ade, amaryar Baffa Ilu, wadda aka kawo daga Sandamu daf da faɗuwar ruwa. Ni dai tun ranar da aka kawo ta na tare a ɗakinta. Tana da dariya mai ƙarfi wadda take mantawa ta rage saboda surukai, ta iya kitso, kuma ba ta jin nauyin ta zauna a ƙasa mu yi carafke, ta cinye ni, ta yi mini gwalo. Abu ɗaya ake tsokanarta da shi, guga. A cikin kayan ɗakinta akwai dutsen guga na gawayi, kuma ba ta sa komai a jikinta sai ta goge shi, tun daga zane har ɗankwali har abin da ba mai gani. Umma takan ce ko tsumman ɗaukar tukunya ne, in ya shiga hannun Sa'ade sai ya sha guga. Da yake ita ce ƙarama a matan gida, ba tare da an sa ta ba ta ɗauke wankin Iya da namu na yara, wani lokaci har da na Umma.

Wanda bai ga wannan shekarar ba zai yi wuya ya gane yadda kowa ya tashi gyara. Hijabai suka ƙara tsawo, rediyo ba abin da yake yi sai wa'azi, masu kiɗan biki suka yi sanyi, mu ma a makarantar boko aka raba mana layi da maza. Malam yana cikin masu murna sosai, kuma ba murnar baki ba, don mutum ne mai tsoron Allah da gaske. To sai aka yi rashin sa'a maƙwabcinmu ya gama ginin benensa a daidai lokacin, tagoginsa na sama suna kallon tsakar gidanmu kai tsaye. Ba mu taɓa kama wani yana leƙe ba, amma Malam ya kasa samun sukuni. A tsakiyar gidan akwai igiyar shanya da aka ɗaure tun kafin a haife ni, daga bishiyar darbejiya zuwa turken rumfa, inda rana take dukanta tun safe. Wata rana bayan sallar asuba ya shigo da kansa ya kwance ta, ya naɗe, ya gaya wa Iya cewa daga yau kayan mata kada ya ƙara ganinsu a inda idon waje zai kai. Bai faɗi wane kaya ba, kuma ba wadda ta buƙaci bayani.

Wuri ɗaya ne a gidan da bene ba ya gani, wani lungu tsakanin rumbun gero da katanga, kusa da turken awaki. Rana ba ta shiga can sai ta ɗan lokaci, ƙasar wurin rairayi ce mai danshi, kuma kullum da zarnin fitsarin awaki da na yara. Ba inda za a ɗaura igiya, don haka a ƙasa ake baza kayan, wasu a kan karare, a bar su su sha iska. Ba a daɗe ba ƙanina ya fara kukan ƙuraje a cinya. Sai ni. Sai na lura Umma tana zama a gefe ɗaya tana cije leɓe, Iya ma tana tafiya a karkace, amma ba wadda ta ce uffan, don inda nasu suka fito ba wurin nunawa ba ne. Malam lafiyarsa ƙalau, da yake rigunansa wurin mai wanki da guga na bakin kasuwa ake kai su. Mutum ɗaya ce kuma a cikin gida ko ƙurji ɗaya bai taɓa ta ba, ita ce Anti Sa'ade. Yau ina iya ganin dalilin a fili. A lokacin abin da Iya ta gani shi ne, kafin zuwan baƙuwa ba mu san wannan ciwo ba, kuma ga shi ya bi kowa ya tsallake ta.

Ba wanda ya taɓa furta kalmar. A shekarar kowa ya sha ji a wa'azi cewa kiran mutum maye ƙazafi ne, kuma an ce har gaban alƙali ana iya kai mutum a kansa, don haka bakuna suka rufe, idanu suka karɓi aikin. Ranar girkin Anti Sa'ade sai Iya ta ce cikinta ba daɗi, ta dama kunu ta ba mu, tuwon kuwa a juye wa awaki da safe. In ƙanina ya rarrafa ya nufi ƙofarta sai a kira shi da sauri kamar ya nufi wuta. Matan maƙwabta da suke zuwa kitso suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinta. Umma ba ta yarda da zancen ba, na san haka domin ita takan ci tuwon a ɓoye, amma suruka ce, ba ta isa ta ja da Iya ba. Abin tsoron shi ne irin wannan suna in ya manne wa mace ba ya tsayawa a kanta, yana bin uwarta da ƙannenta da 'ya'yan da ba ta ma haifa ba. Anti Sa'ade ta san haka sarai, kuma ba ta da bakin kare kanta, tunda ba wanda ya tuhume ta da komai.

Ni kuwa aka rufe ni a ɗakin Iya domin kada ido ya ƙara faɗa mini. Ɗaki ne mai duhu, da gadon ƙarfe da jeren kwanuka, da wata 'yar taga sama wadda sai na taka adaka nake kaiwa. Safe da yamma ana turara ni da hayaƙi har idona ya yi ja, a ba ni rubutu in sha, a shafa mini wani baƙin gari a ƙurajen. Ina jin 'yan ajinmu suna wucewa da safe suna kiran juna, da yamma kuma ina jin tafin gaɗa daga dandali, ina gane muryar kowace, har da wadda ta karɓe mini wuri. Na yi kuka har na gaji, na ƙirga kwanukan Iya har na haddace wanda ya fashe. Da abin ya ishe ni sai na koma kallon ƙudaje, na shiga raba su gida-gida kamar yadda malaminmu yake raba mu. Akwai ƙudan gida, baƙi mai naci, wanda ba ya jin kora. Akwai koren nan mai sheƙi na mahauta, mai shigowa da ƙugi ya yi ta buga kansa a bango. Akwai ƙananan da suke bin ido, da bobuwa mai cizon shanu wadda takan ɓato hanya wani lokaci. Ina ganin na gama sanin ƙudan duniya, ashe wanda ya kwantar da ni bai taɓa shigowa ɗakin ba. Ƙurajen kuma ba su daina ba, wani yana warkewa wani yana fitowa, domin kayan da nake sawa daga bayan rumbu ake kwaso su. Iya ta ce abin har ɗaki yake biyo ni.

Ta tagar nan nake ganin Anti Sa'ade. Ta rame, dariyar ta ɗauke, tana daka ita kaɗai, tana wanki ita kaɗai, in ta gama ta shige ɗaki ta saki labule. Ni an rufe ni da ƙofa, ita kuwa ƙofarta a buɗe take amma ba inda za ta. Ba ta fita sai da izini, mijinta ba ya nan, kuma in ta ce za ta je ganin gida Sandamu a irin wannan lokaci, kowa zai ce ta gudu ne, gudun kuwa shi ne amsa laifi. Wata rana da azahar Iya tana sallah, ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya ƙarƙashin tagar kamar tana gyara ɗaurin zane, ba ta ɗago kai ba ta tambaye ni jiki. Na ce da sauƙi. Sai ta ce, "Hanne, ke ma kina tsorona?" Na ce mata a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ta gyaɗa kai ta wuce bayan rumbu da jiƙaƙƙun kayanmu. Tausayinta ya kama ni har na manta da nawa ciwon na ɗan lokaci.

Abin da ya fitar da ni zazzaɓi ne. Ɗaya daga cikin ƙurajen ya ruɓe saboda garin da ake cusa masa, jikina ya yi zafi rau, Malam ya shigo ya taɓa goshina ya ce a kai ni asibiti, bai saurari Iya ba. Umma ta zura hijabi ta goya ni, ƙatuwa da ni, muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Malamar asibitin da muka samu ba ta ko yi mamaki ba. Ta lakato basilin ta toshe bakin kowane ƙurji, ta ce mu jira, abin da ke ciki da wannan ɗigon yake numfashi. Ba a jima ba suka fara leƙowa, tana matsawa a hankali suna faɗowa cikin faranti. Tana aiki tana tambayar Umma inda muke shanya. Da Umma ta gaya mata, sai ta ce ai shi ke nan, wani ƙuda ne mai ruwan ƙasa, ba ya cizo, ƙwai kawai yake zubawa a inuwa, a kan rairayi mai fitsari ko jiƙaƙƙen tufa, in ya ƙyanƙyashe tsutsar ta jira fata. Maganinsa a shanya a igiya cikin rana, a kuma goge kaya da wuta. Na roƙe ta ta ba ni tsutsotsin, ta yi dariya ta zuba mini su a wata 'yar kwalbar allura. A hanyar dawowa Umma tana tafe tana hamdala, tana cewa yau Sa'ade ta fita daga zargi.

Da muka iso ta durƙusa gaban Iya ta kwashe bayanin duka ta gaya mata, cikin ladabi, tana zaɓen kalmomi. Iya ta saurara har ƙarshe. Zancen ƙuda ta watsar da shi nan take, ta ce tun tana yarinya take ganin ƙuda bai taɓa shiga jikin kowa ba, kuma shanya a ƙasa ba yau aka fara ta ba. Abu ɗaya ta tsinta a cikin maganar, cewa ta tufafi ciwon yake shiga. Ta juya shi a ranta, sannan ta ce, "Ashe a wanki ne." A ranar ta aika aka kwaso duk kayanmu daga hannun Anti Sa'ade, har da waɗanda ke cikin ruwan sabulu, ta ce amarya ta huta haka nan, Umma za ta riƙa yi. Na ga Anti Sa'ade tsaye da kumfa a hannunta tana kallon bahon da aka ɗauke. Umma ta shiga ɗaki ta yi kuka, don da bakinta ta kawo abin da aka ƙara ɗaure yarinyar da shi.

Saura mutum ɗaya da zai iya gyara abin, shi ne Malam, don shi ya ba da umarnin shanyar kuma shi kaɗai zai janye. Amma wa zai gaya masa? Umma ko sunansa ba ta faɗa, in ya shigo gida sunkuyar da kai take yi har ya wuce. A ce ta je gabansa ta yi masa zancen fatari da ɗan kamfai, ta kuma nuna masa cewa hukuncinsa ne ya jawo, ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Iya ba za ta faɗa ba. Mazan ba sa nan. Washegari Umma tana tsefe mini kai a ɗakin Iya, da Iya ta fita sai ta sunkuyo ta ce mini a duk gidan nan ni kaɗai ce bakina ya kai. Gaskiya ne kuwa. Jika da kaka abokan wasa ne, Malam amaryarsa yake kirana, ni kuma ina ce masa tsohon miji mai rowa, ina cire masa hula, ina faɗa masa abin da babana ko a mafarki ba zai faɗa ba. Ta maimaita mini abin da zan ce har na riƙe, ta kuma gargaɗe ni kada in ce ita ta aiko ni.

Da hantsi Iya ta tayar da sallar walha, na zare jiki na fice, kwalbata a ƙulle a gefen zane. Hasken tsakar gida ya kashe mini ido. Na sami Malam a zaure shi kaɗai yana gyaran carbi. Yana ganina ya washe baki, ya ce amarya ta warke ta zo karɓar kuɗin cefane. Na ce masa shi ne ya sa mana ciwo. Ya yi dariya har da tari, ya ce to a kai shi ƙara. Nan na gane matsalata, an yarda in faɗi komai ne saboda ba a ɗaukar maganata komai. Raina ya ɓaci, hawaye suka zubo, na kwance kwalbar na dangwara masa a kan buzu. Na shiga jero masa abin da ake bazawa a bayan rumbu ɗaya bayan ɗaya da sunansa, nawa da na Umma da na Iya, kalmomin da zauren nan bai taɓa ji ba. Na gaya masa zancen ƙudan, da rana, da guga, da dalilin da ya sa shi da Anti Sa'ade kaɗai suka tsira. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo a hasken ƙofa.

Sai ya miƙe ya ce in wuce gaba. Tsoho mai furfura ya bi ni har lungun da namiji ba ya shiga, matan gida suna ganinsa kowa ta shige ɗaki. Wankin da Umma ta yi da safe yana baje a ƙasa. Ya tsaya nesa kaɗan, ya kawar da kai, sannan ya tilasta wa kansa ya duba. Muna tsaye sai ga shi ya sauka a kan wani jiƙaƙƙen zane, ƙuda mai kauri, ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, ba ƙugi ba gaggawa. Wannan ne karo na farko da na gan shi, kuma na ji haushin yadda bai da wani kwarjini. Malam ya ce mini, "Koma ciki." Kafin la'asar ya kawo masu aiki, aka kafa dogayen itatuwa aka ɗaura zana a saman katangar da ke fuskantar bene, aka mayar da igiya cikin rana. Ya aika kasuwa aka sayo dutsen guga aka ajiye a ƙofar Iya. Bayanin da ya yi wa gida bai wuce cewa rana ta fi inuwa busar da kaya ba.

Ni abin bai ishe ni ba. Na koma zaure na ce masa ya tara su ya gaya musu ba Anti Sa'ade ba ce. Ya dube ni ba wasa a idonsa, ya ce, "Wa ya ce ita ce?" Na buɗe baki na rasa sunan da zan kama. Ya ce, "Hanne, in na tara mutane na ce matar ɗana ba kaza ba ce, to ni ne na fara faɗar kalmar a gidan nan. Gobe abin da za a ji a gari shi ne har Malam ya yi magana a kai." A lokacin na ɗauka tsoro ne kawai da kunyar amsa kuskurensa. Yanzu ina ganin akwai wannan, akwai kuma gaskiya a maganarsa, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba. Abin da ya iya yi shi ne, daga ranar duk ranar girkinta sai ya aika a kawo masa tuwonta zaure, ya cinye, ya mayar da kwano ba komai a ciki. Bai fasa ba har ya bar duniya.

Ciwon ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Ƙurajen suka bushe, aka sake ni, na koma makaranta na tarar an wuce ni a lissafi, na koma dandali na ƙwace wurina a gaɗa. Amma warkewar tamu ita ta gama da Anti Sa'ade. An raba ta da wanki, an mayar da igiya, duk a tsakanin jiya da yau, kuma a cikin biyun ɗaya kawai mutanen unguwa suka sani. Zana da igiya ba labari ba ne. Labarin da ya zaga shi ne, tun da aka hana amaryar gidan Malam taɓa kayan yara ko ƙurji ba a ƙara gani ba. Da Baffa Ilu ya dawo ya ji, ya yi faɗa kamar zai rushe gidan, amma bai sami wanda zai kama ba, kowa ya rantse bai ce komai ba, kuma ba wanda ya yi rantsuwar ƙarya. Ya riƙe matarsa, suka haifi 'ya'ya, ta zauna. Iya ta rasu bayan wasu shekaru ba ta canza ra'ayi ba, ko da yake a jinyarta ta ƙarshe Anti Sa'ade ce take juya ta.

Yanzu ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata, kuma duk shekara in muka zo kan ƙwari sai na tsaya a kan wannan ƙuda fiye da yadda manhaja ta nema. Masana suna kiran jinsinsa Cordylobia, kuma sun sa shi a babban dangi ɗaya da koren ƙudan mahautan nan da nake kallo a ɗakin Iya, ko da yake shi ba kore ba ne. 'Yan gidan nasu ba su da yawa. Namu shi ne na ƙasar fili, wanda ya fi bin karnuka da ɓeraye, mutum tsautsayi ne kawai yake haɗa su. Yana da ɗan'uwa a ƙasashen kurmi wanda ya fi bin gafiya da gada, sauran kuma ba kasafai suke kula mutum ba. Ina zana musu shi a allo, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa ƙuda, su yi ta yatsine fuska suna dariya. Ina gaya musu su riƙa shanya a rana su riƙa guga. Sauran labarin ba na ba su, don mai shi tana nan da ranta.

Gidan namu ya canza. An rushe rumbun an yi ɗaki a wurin, benaye sun kewaye mu ta kowane gefe ba mai ɗaga kai ya dube su, kuma yaran gidan da dutsen guga na lantarki suke rigima. Da yawa daga cikin waɗanda suka yaɗa zancen sun mutu, matasa ba su ma san an yi ba. Da na haifi ɗana na fari na je wankan jego gida, kuma ina ɗokin in nuna wa Anti Sa'ade shi. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, kanta ya fara furfura. Ta yi murna har da hawaye, ta yi ta sa masa albarka, tana leƙa fuskarsa tana cewa hancin Malam ne. Na miƙa mata shi. Sai ta ajiye faranti ta mayar da hannayenta biyu baya. A nan na tuna ban taɓa ganinta riƙe da ɗan wani ba tun ina yarinya, ko a suna ko a biki. Na ce, "Anti, ɗanki ne fa." Ta yi murmushi ta ce, "Na sani, Hanne. Bar shi a hannunki. Yara ba sa rabuwa da ɗan zazzaɓi, kada ya yi a ce daga nan ne."

Na zauna kusa da ita da yaron a cinyata, tana yi masa wasa da baki, har aka kira la'asar. Ni wata guda aka rufe ni na fito, ita har yau ba a buɗe mata ba.